Naɗin waya: lissafi kafin aiki

A kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai rumfunan masu naɗin waya. Wurinsu ake kai fanka da ta ƙone, da tiransifo, da injin ban ruwa na lambu. Tushen sana'ar shi ne bobin, wato wayar jan ƙarfe mai shafin barnishi wadda ake naɗawa zagaye bisa zagaye, galibi a kan ƙarfe.

Wutar NIGELEC mai bolt 220 tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Bobin yana tare irin wannan wuta da maganaɗisun da yake haifarwa. Ana auna ƙarfin bobin da henri, sunan masani ɗan Amurka Joseph Henry (1797-1878), ana auna tarewa da om. Don samun om, sai a riɓanya henri sau 314, wato 2 sau 3,14 sau 50.

Ga misali: bobin mai henri 1 yana ba da om 314, wutar da za ta ratsa shi ba ta kai amfer 1 ba. Ƙaramin bobin mai kashi 1 cikin 100 na henri kuwa om 3 kaɗai gare shi. In aka jona shi kai tsaye, zai ja wajen amfer 70, waya ta narke, wataƙila gobara ta tashi.

Ita ma waya tana da tata tarewar, wadda ita kaɗai mitar hannu ke nunawa. Ba a haɗa biyun kamar kuɗi. In waya tana da om 3, maganaɗisu yana da 4, jimla 5 ce, domin 9 da 16 sun ba da 25, wato 5 sau 5.

Babban sirri yana ga yawan zagaye. In an ninka shi, henri yakan ƙaru sau 4. In an rage zagaye 10 cikin 100 don tattalin waya, henri ya ragu da kashi 19, wuta ta ƙaru, bobin ya yi zafi. Mai lambun da injinsa ya sake ƙonewa a tsakiyar rani, albasarsa ce ke biyan wannan tattali.

Saboda haka gwanin naɗi yakan ƙirga zagaye tun yana warware tsohuwar waya, ya rubuta, ya nemi waya mai kauri ɗaya, ya mayar da fallen ƙarfe duka. Hausawa sun ce araha ba ta ado.