Ƙwayar Bayan Kwanciya: Azalu Ce Ko Zubar Da Ciki?

Akwai wata mas'ala da take zuwa zaurukan malamai a asirce, galibi kuwa ba ta isowa sai lokacinta ya ƙure. Falke ne zai komo daga fatauci ya sadu da iyalinsa, alhali tana goyon ɗan wata takwas wanda sai da aka yi mata aiki aka ciro shi, likita kuma ya gargaɗe ta kada ta sake ɗaukar ciki da wuri. Gari na wayewa sai tsoron kwanika ya kama su. A kantin magani akwai ƙwayar da ake sha bayan kwanciya, an fi saninta da Postinor-2. Shin shanta ya halatta, ko kuwa ɓata abin da Allah ya soma halitta ne?

Malaman Malikiyya sun daɗe da raba al'amarin gida biyu. Azalu, watau miji ya zubar da maniyyi a waje, Imamu Malik ya yarda da shi cikin Muwaɗɗa, bisa sharaɗin matar aure 'yantacciya ta ba da izini, gama tana da hakki cikin haihuwa. Amma idan mahaifa ta riga ta riƙe ruwan, mashhurin mazhaba shi ne ba a fitar da shi ko da bai cika kwana 40 ba, haka Shehu Dardiri ya tafi a kai cikin sharhinsa na Muhtasar. Lahami ya sassauta kafin arba'in, sai dai ba shi ne aka fi bi ba. To, a wane gida ƙwayar za ta zauna?

Ba a yanke wannan sai an san aikinta. Ba lalle ne ciki ya shiga a daren saduwa ba. Maniyyi yana iya zama da rai cikin jikin mace har kwana 5 yana jiran ƙwai, shi kuwa ƙwan idan ya fito ba ya wuce sa'a 24 yake mutuwa. Maganin da ke cikin ƙwayar, levonorgestrel, miligiram 1.5, aikinsa shi ne jinkirta fitowar ƙwai har maniyyin ya mutu bai sami abokin haɗuwa ba. Idan ciki ya riga ya zauna ba ta zubar da shi, ba ta kuma nakasa shi. Wannan shi ne bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da bai fitar da kome daga mahaifa ba, ya dai hana ruwa biyu gamuwa, lalle ya fi kama da azalu. Saboda haka sharaɗin azalu yana binsa: miji ba shi da ikon ɗura wa mace ƙwayar ba da sonta ba, kuma shawarar ta su biyu ce.

Wahalar tana wurin lokaci. Ana son a sha cikin sa'a 72, gwargwadon gaggawa gwargwadon amfani, domin idan ƙwan ya riga ya fito ƙwayar ba ta da abin yi. Malamin da ya ce wa mai tambaya ya komo bayan Juma'a, to ya riga ya ba da fatawa ke nan ko bai buɗe littafi ba. Akwai wata ƙwayar, ulipristal, mai kai kwana 5. Akwai kuma ɗan abin jan ƙarfe da ake sanyawa cikin mahaifa a asibiti kafin kwana 5 su cika. Shi ya fi duka ƙarfi, amma da yake yana iya hana ƙwan da ya riga ya haɗu ya zauna, hukuncinsa yana bukatar nazari dabam.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, kada kunya ta sa danginta su zaunar da ita a ɗaki. A kai ta asibiti cikin kwana ukun nan, gama ƙwayar ba ta tsare mutum daga cutar ƙanjamau, maganin kariyar cutar ma cikin sa'a 72 ake soma shi.

Mai goyo tana iya shan levonorgestrel. Mai saye ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Idan mace ta yi amai cikin sa'a biyu da sha sai ta sake, in kuma haila ta makara fiye da mako guda sai a je a auna.