Babi na Tara: Ɗinkin Fatar Ƙafa Bayan Tiyata

Hanya huɗu likita ke da ita ta rufe inda ya yanka: zare, ƙananan ƙarafa da ake harbawa da na'ura, gam na musamman, da siraran filasta. Gam da filasta ba sa jure ja, shi ya sa a ƙafa galibi kan ɗinki ake ɗora su. Ƙarafa kuwa sauri ne amfaninsu, sai dai masu jinya da yawa kan koka da zafin cire su.

Amma duk wannan bayan fage ne. Maganar tana ga fatar kanta. Taɓa idon sawunka ka ji: fata ce siririya kwance kan ƙashi, babu tsokar kirki a tsakani. Haka bayan dunduniya, wajen agara. Jinin da ke ciyar da wurin kaɗan ne, ga ƙafa da saurin kumbura.

A nan ne mutane ke ba ni haushi. Sai ka ji ɗan jinya na ƙorafi wai likita bai ɗaure ɗinkin tamau ba. Fata fa ba bakin buhu ba ce! Ƙullin da ya matse yakan shaƙe ƙananan jijiyoyin jini, gefen ciwon ya yi fari, daga baya ya yi baƙi, ya buɗe, har a hango ƙarfen da aka ɗaure ƙashi da shi.

Wannan ne ya sa nake jinjina wa ɗinkin Allgöwer-Donati. Mario Donati, likitan Italiya, shi ke da asalin salon; Martin Allgöwer na Suwizalan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar AO ta gyaran karaya a 1958, ya gyara shi. Allura ta shiga ta gefe ɗaya, ta tsallaka ta kamo ɗaya gefen ta ƙarƙashi ba tare da ta huda samansa ba, ta komo. Duk ƙullin sai ya zauna a gefen da ya fi jini, gefe mai rauni ya sarara.

Batun warwarewa ma akwai gaggawar banza. Ɗinkin fuska kan fita cikin kwana 5 zuwa 7, amma na ƙafa yakan kai mako 2 zuwa 3. Mai ciwon suga da mai shan taba sun fi kowa bukatar haƙuri, domin nasu ne ya fi jinkirin haɗewa. Kafin ranar, a ɗage ƙafa kan matashi, a hana ɗinkin jiƙewa, kada kuma a taka sai likita ya ce a taka.