Zafi da Ƙura: Abin da Mai Haɗa Kwamfuta a Karkara Ya Kamata Ya Duba Kafin Ya Sayi Akwati

TUNGAN MAGAJIYA, Jihar Neja — A duk lokacin da mai shagon buga takardu ya tashi haɗa kwamfutar tebur, abin da ya kan fara tambaya shi ne ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da kuma girman ma'adanar bayanai. Akwatin da za a jera waɗannan kaya a cikinsa kuwa, da ɗan canjin da ya rage a aljihu ake sayensa. A gari irin Tungan Magajiya, da ke Ƙaramar Hukumar Rijau cikin masarautar Kontagora, wannan lissafi na iya cinye jarin mutum a bazara ɗaya ko biyu.

Bukatar kwamfuta a ƙananan garuruwa ta ƙaru ƙwarai tun daga 2015, lokacin da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan ta hanyar kwamfuta. Umarnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar a watan Disamba na 2020, na haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, ya daɗa buɗe wa masu shaguna kasuwa. Galibinsu ba su da halin sayen sabuwar na'ura dungum, don haka su kan sayi sassa ɗaya-ɗaya, sabbi da na gwanjo, daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko kasuwannin Kano da Kaduna, a haɗa musu.

Haɗin ba shi da wuya, domin tun a 1995 kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman babban allon na'ura da wuraren ɗaure shi. Cikakken allon ATX ya na da milimita 305 da 244, ƙaninsa microATX kuma 244 da 244. Akwatin da ya ɗauki babba zai ɗauki ƙarami. Amma shigar allo cikin akwati daban, samun iskar da zai sha daban.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne ta kwashe zafin furosesa ta zuba a iskar ɗaki, saboda haka duk yadda ɗaki ya ɗumama, haka na'urar za ta bi shi. Alal misali, idan ƙarfen zuƙar zafi ya na riƙe furosesa a digiri 50 sama da iskar ɗaki, to a ofishin da ke da digiri 22 za ta tsaya a 72. A shago mai rufin kwano kuwa, cikin watan Maris ko Afrilu, inda zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, wannan na'ura ɗin dai za ta wuce 90. Yawancin furosesocin zamani su na rage gudu da kansu idan suka kai digiri 95 zuwa 100, don kada su ƙone. A nan ne mai shago zai ga na'urarsa ta yi nauyi da rana tsaka, ga jama'a a layi, ya ɗauka ƙwayar cutar kwamfuta ce, ya biya a sake loda masa manhaja, gobe kuma abin ya dawo.

Ɓarnar da ta fi wannan ba a ganinta. Akwai ƙa'idar da injiniyoyin lantarki ke aiki da ita, cewa ƙarin digiri 10 na zafi ya na rage rabin rayuwar kafasita, ƙananan gwangwanayen nan da ke kan allo da cikin akwatin rarraba wuta. Na'urar da aka yi mata tsammanin shekara takwas sai ta tsaya a huɗu. Yawancin gwaje-gwajen da masu sharhi kan kayan kwamfuta ke yi a Turai da Amurka, a ɗakuna masu sanyi ake yin su, kuma wanda ya bi shawararsu ido rufe a ƙasar Kontagora ya ari rigar da ba a ɗinka don shi ba.

Akwatunan da ake yayi yanzu, masu gilashi a gaba da fitilu kala-kala, su na da kyau a ido, amma iska ba ta samun ƙofa sai ta ƴan tsagogin gefe. Wanda ya dace da wannan yanayi shi ne mai raga a gaba, da gurbin fanka biyu ko uku masu milimita 120 ko 140. Babbar fanka ta na tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, ga ƙarancin ƙara.

Sai dai buɗe wa iska ƙofa buɗe wa ƙura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan ɗauko lallausar ƙura daga Sahara, shagunan bakin hanyar Kontagora zuwa Zuru kuma su na da ta motoci a kai. Ƙurar kan taru a tsakanin haƙoran ƙarfen zuƙar zafi har ta zama kamar bargo, kuma abin takaicin shi ne bazara na shigowa daidai lokacin da bargon ya gama kauri. Maganin shi ne akwati mai rariyar da ake zarewa a wanke, sannan fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitar da ita yawa: biyu a gaba, ɗaya a baya. Ta haka iskar ciki ke yin tsiri ta kowace kafa zuwa waje, ƙura ba ta samun shiga sai ta rariya. Ɗabi'ar nan ta cire murfin gefe a juya wa na'ura fankar tebur ta na sauƙaƙa zafin yini guda, amma ta na rushe wannan tsari gaba ɗaya.

Game da sanyaya furosesa da ruwa, dabarar ta na aiki, amma ta ƙunshi famfo, famfo kuma ya na mutuwa, ruwan ma kan ragu da shekaru. Ranar da ya tsaya, sai an yi aike birni. Ƙarfe mai tsayi da fanka ɗaya ba shi da abin lalacewa in ba fankar ba, ita kuwa ko'ina ana samu. Abin lura kawai shi ne a auna tsayinsa da faɗin akwati kafin a biya kuɗi. Furosesa mai cin wat 65 ta wadatar da aikin buga takardu da rajista, ta fi mai wat 125 sauƙin sanyayawa, kuma ta fi tausaya wa batir.

Batun batir ba ƙarami ba ne. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ƙananan shaguna da dama da janareta ko sola su ke dogara. Akwatuna masu araha su kan zo da akwatin rarraba wuta a ciki a matsayin gyara, kuma sau da yawa shi ne mafi rauni a duk na'urar; idan ya ƙone ya kan tafi da allo. Gara a saye shi daban, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja ta na tafiya ga aiki, ba zafi ba. Wanda ya sayi tsohon kaya daga Amurka kuma ya duba ɗan jan makunnin da ke baya, ya tabbata ya na kan 230 ba 115 ba.

Tun bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, lokacin da dala ta tashi daga kusan naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin kowane sashe na kwamfuta ya bi ta, domin duk daga waje ake shigo da su. Bambancin kuɗin akwati mai rariya da marar rariya bai kai kuɗin allo guda ba, balle kuɗin mota da ranakun da shago zai yi a rufe.

Sauran aikin ba ya bukatar kuɗi sosai. A ɗora akwatin a kan tebur, nesa da ƙasa da ƙofa, a bar tazara tsakaninsa da bango. A wanke rariya duk mako biyu a lokacin hunturu, a bari ta bushe kafin a mayar. A ƙarshen Fabrairu kuma, kafin zafi ya kankama, a cire wuta a buɗe na'urar, a hure ta tas, ana riƙe da fankoki kada su juya, a kuma sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta idan ya bushe.