Rancen Gina Gida da 'Yan Kasuwar Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san cewa arzikin garin a kasuwa yake. Kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga masu manyan motocin dakon kaya da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maiduguri da Kudancin ƙasar nan. Amma da yawa daga cikin masu juya wannan dukiya a gidan haya suke, ko kuwa sun shafe shekaru suna gini, bana a ɗora bulo, baɗi a sayi kwano. Rancen gwamnati na mallakar gida, wanda ya girmi yawancinsu a harkar ciniki, bai cika isa gare su ba.

Tsarin ba sabo ba ne. An kafa Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya a 1977. A 1992, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Yobe, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da doka mai lamba 3. Dokar ta ɗora wa ma'aikaci zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa kowane wata, shi kuma ya sami damar karɓar rance, wanda daga baya aka tsayar a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekaru har 30. In aka tuna cewa a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, za a ga rangwamen ba ƙarami ba ne.

Sai dai riga ce da aka ɗinka daidai jikin mai albashi. Rancen naira miliyan 5 a kan waɗancan sharuɗɗa yana bukatar biyan kusan naira 30,000 kowane wata. Da yake ƙa'ida ba ta yarda a cire wa ma'aikaci fiye da sulusin albashinsa ba, sai mai ɗaukar naira 90,000 ne zai cancanta, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Wannan ke nan ga mai takardar albashi. Shi kuwa dillalin shanu, wanda kan sami riba mai kauri gab da Babbar Salla ya kuma yi watanni hannu na dukan cinya, ba shi da takardar da zai nuna, ko da kuwa abin da ke shigo masa a shekara ya ninka na babban jami'i.

Cikas na biyu, kuma mafi tsanani, takardar fili ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili sai da yardarsa. Banki ba ya karɓar jingina sai da takardar shaidar mallaka ta gwamnati. A tsofaffin unguwanni kuwa, gida gado ne, ko an saye shi da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Takardar tana da daraja a idon jama'a, amma a teburin banki ba ta sayen komai. Saboda haka unguwannin da suka fi bukatar gyara su ne rance ke tsallakewa. Jihar Yobe ta kafa hukumar YOGIS domin sauƙaƙa rajistar filaye, kuma yawan takardun da suka kai hannun masu ƙananan gidaje shi ne zai nuna amfaninta.

Akwai kuma batun riba. Ɗan kasuwa da dama ba zai taɓa rance mai kuɗin ruwa ba, kashi 6 ne ko kashi 1, don haka ya gwammace adashi da taimakon ubangida. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ya nuna cewa ana iya saya wa mutum kadara a sayar masa da ita a kan ribar ciniki sananniya, ya biya sannu a hankali.

A ɓangaren jiha, gwamnatin Mai Mala Buni ta ƙulla yarjejeniya da asusun Family Homes Funds a 2019 domin gina gidaje 3,600, daga baya kuma ta riƙa ambaton 2,350 a matsayin waɗanda aka gina a faɗin jihar. Abin yabawa ne, amma a jihar da Potiskum kaɗai ke da mutane dubu ɗaruruwa, ginin gwamnati ba zai wadatar ba.

Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta ƙungiyoyin gama kai. Mai sana'ar kansa yana da ikon yin rajista da Asusun Gidaje, kuma bayan ya zuba kuɗi wata shida a jere zai iya neman rance. Bankin na tarayya yana da tsarin bai wa ƙungiya mai rajista rancen gina wa 'ya'yanta gidaje, muddin filin yana da takarda. Ƙungiyoyin dillalai da na direbobi a Potiskum sun daɗe suna tara kuɗin mako.