Shinkafar da Ta Fi 'Yan'uwanta Tsawo

Manomin fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi, in ya leƙa wurin renon iri kafin dashe ya tarar da wasu tsirrai sun zarce saura tsawo, sirara, ganyensu ya ɗashe ya yi rawaya-rawaya, kada ya yi saurin murna. Mai yiwuwa ciwo ne, wanda ake kira bakanae.

Kowace shuka tana da sinadaran da take sarrafawa a jikinta, waɗanda masana ke kira homon. Su ke sa saiwa ta nutsa, kara ya miƙe, zangarniya ta fito. Abin mamakin shi ne wasu nau'o'in fumfuna su ma sun iya haɗa irin waɗannan sinadaran. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, yana aiki a Taiwan, ya tace ruwan da ya reni fumfunar da ke jawo cutar bakanae, ya zuba wa lafiyayyar shinkafa. Ba fumfuna a ruwan, amma shinkafar ta yi ta zuƙewa sama. A 1935 Teijiro Yabuta ya sa wa sinadarin suna jibaralin. Sai daga baya aka gano ashe ita ma shinkafar tana yin nata, gwargwadon buƙatarta. Fumfunar ce ke ɗura mata fiye da kima, har shinkafar ta ƙarar da ƙarfinta wajen tsawo, ta mutu, ko ta yi zangarniya ba ƙwaya.

Fumfunar da ke ƙona ganye da wuyan zangarniya, wadda ta daɗe tana addabar shinkafa a Najeriya, nata salon daban ne. Takan fitar da wani homon da ke janyo abincin shuka zuwa inda ta kama, da wani kuma mai rage wa shukar ƙarfin kare kanta. Ga shi yawan takin yuriya, da wasunmu ke watsawa kamar kyauta aka ba su, yana ƙara wa fumfunar dama.

Ita bakanae ta cikin iri take yaɗuwa. Don haka shansherar da aka auno a kasuwa ba a san gonar da ta fito ba, ba abin shukawa ba ce. A nemi ingantaccen iri irin su FARO 44, a zuba shi a ruwan gishiri a kwashe wanda ya taso, a ɗauraye, a gauraya da maganin iri bisa shawarar malaman gona na hukumar KARDA ta jihar Kebbi. Dogayen tsirran nan kuwa a tuge su a ƙone tun kafin dashe.