Tsohon madubin Ingila: tsufansa ne kuɗinsa

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu haɗa kayan ɗaki, yau Ingila za mu leƙa. A can, madubin bango da ya haura shekara 200 yakan fi sabo tsada nesa ba kusa ba, kuma yawancin kuɗin na katakon da ya kewaye gilashin ne.

A ƙarni na 18 babban gilashi sai mai hannu da shuni, ga harajin da gwamnati ta ɗora masa daga 1745 har 1845. Wanda ya samu kuwa, sai ya nemo masassaƙi ya yi masa gida. A 1754 Thomas Chippendale ya fitar da littafin zane-zanensa, aka shiga yayin katako mai lanƙwashe-lanƙwashe da ganye da tsuntsaye. Bayansa Robert Adam ya rage ƙawar. Wajen 1800 aka koma ga zagayayyen madubi mai turo ciki, da gaggafa bisa kansa.

To, yaya zinariyar ke hawa? Ba fenti ba ne. Ana dama alli da mannen da aka dafa daga fatar zomo, a shafa bisa katako, ya bushe, a ƙara, sau da yawa. Sai a bi da jan yumɓu. Sannan a jiƙa wurin, a shimfiɗa zinariyar da aka buga ta yi siriri har numfashi na iya tashi da ita. In ta bushe a murje ta da dutse mai santsi, ko haƙorin kare kamar yadda mutanen da suke yi.

Nan ne muke jan kunnen masu sayen kayan gwanjon Turai. In kun ga ja-ja na leƙowa a inda hannu ya cinye zinariyar, wannan yumɓun ne, alama ce ta aikin hannu. Gilashin ma kan yi duhu da ɗigo-ɗigo, domin da zaiba da kuza ake shafe bayansa kafin dabarar azurfa ta 1835 ta yaɗu. Mun san hannun ɗan kasuwa ba ya son ganin kaya da dauɗa. Amma jiƙaƙƙen tsumma ɗaya ya isa ya ɗauke zinariyar da ruwa ya manna, fentin gwangwani kuma ya karya farashin. Ƙura kawai ake kaɗewa, da buroshi mai laushi, busasshe.