Rawa da Jinyar Cin Amana: Bale da Bori

Bahaushe yana kiran yaudarar wanda aka yarda da shi "cin amana", kamar dai amana aba ce da ake haɗiyewa, ba ta komowa. Ga wadda aka cuta kuwa, maganar da aka tanada ita ce "yi haƙuri", watau ta haɗiye nata ɓacin ran ita ma. Abin tambaya shi ne, ina baƙin cikin da kunya ta hana baki faɗi yake zuwa? Akwai raye-raye biyu da suka ba da amsa kusan iri ɗaya, ko da yake ƙasashensu na nesa da juna.

Ta farko ita ce bale, rawar dandamali ta Turawa, wadda ake ba da labari da motsin jiki, ba a furta kalma. A cikin wasan Giselle, wanda aka fara nunawa a Paris a 1841, wani ɗan sarauta ya ɓad da kama ya nemi wata 'yar ƙauye, alhali an riga an yi masa baiko. Da ta gane, sai ta zautu ta mutu. Aljanun 'yan matan da suka mutu kafin aure suka so su sa shi rawa har ya halaka, amma kurwarta ta cece shi. A 2017 Dada Masilo ta Afirka ta Kudu ta sāke ginin wasan. Ta mai da shugabar aljanun ta zama boka irin na ƙasarsu, ta kuma hana Giselle yafewa. Nufinta a fili yake: gafarar da aka ɗora wa mutum tilas ba waraka ba ce.

Ta biyu tana kusa da gida. Wanda ya bi hanyar Katsina ya ƙetare iyaka a Magama ta Jibiya, ya wuce Ɗan Isa, zai isa Maraɗi, inda sarakunan Haɓen Katsina suka kafa mulki bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Can bori ya sami mafaka a fada, aka sa shi a hannun Iya, wadda mace ce daga gidan sarauta. Da yawa daga cikin masu shigarsa mata ne da aure ya ba wuya, wata an sake ta, wata an yi mata kishiya ba da saninta ba, wata rashin haihuwa ya jawo mata gori. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin borin wannan yanki a littafinta na 1972, I. M. Lewis kuma a 1971 ya nuna cewa irin wannan al'ada takan zama hanyar kai kuka ga matan da ba su da ta cewa.

Kalmomin borin da kansu suna bayyana yadda ake jinyar. Shigar da marar lafiya sunansa "girka", kalmar da ake yi wa tukunya in an ɗora ta a murhu, watau ɗanye zai nuna. Ita matar "goɗiya" ce, iska kuwa "hawa" yake yi. Idan mai goge ko mai garaya ya kaɗa taken iskan, sai ta yi tsalle, ta yi kuka, ta faɗi bukatarta a bainar jama'a, ba mai ganin laifinta, gama ba ita ke magana ba, mahayinta ne. Daga ƙarshe ta yi atishawa, iska ya "sauka".

Bambancin raye-rayen biyu shi ne, a bale gwana ce ke kwaikwayon ciwon wata, 'yan kallo su ɗauki darasi. A bori kuwa mai ciwon ce da kanta a fage.

Malaman Musulunci sun daɗe suna hani ga bori, ya kuwa ja baya ƙwarai. Wannan bai kawar da bukatar da ya biya ba. Malamin da ke koyar da adabi ko wasan kwaikwayo ya kyautu ya tambayi ɗalibansa: in an ce wa wadda aka ci amanarta ta yi haƙuri, wane fili aka ba ta na faɗin abin da ke cinta?